Zuwa Ga Taubashina Bakano, Wanda Ya Zo Hutu Bai Huta Ba

Ya ɗan Goggo. Ina fata kun isa gida lafiya, kuma ka tarar da shagonka na Kantin Kwari yana nan inda ka bar shi, bai yi ƙafa ya gudu ba. Ka gaida mini Goggo, ka ce mata har gobe muna jinjina wa haƙurinta. Mace ta tashi a birnin ilimi, rabon aure ya kai ta cikin 'yan tireda, ta haifi irinka, kuma ko sau ɗaya ba ta yi yaji ba. Wannan ai sai 'yar Zazzau.

Na zaɓi in yi maka magana a wannan fili ne domin in na kira ka a waya, kafin in ƙare sallama ka ce in dakata ga mai saye ya shigo. To ga ta nan a rubuce, ka sa yaron shago ya karanta maka a hankali. Maganar guda ce tak: Bakano bai san hutu ba. Ka ba shi inuwa, ka ba shi kujera, ka dama masa fura ka ce ya huta, kafin ka juya ya tambaye ka nawa ka sayi kujerar, ya kuma gaya maka layin da za ka samu wadda ta fi ta araha.

Dogon hutun makaranta yana farawa a ƙarshen Yuli, ba a komawa sai Satumba. A ƙasashen Turai lokacin rana ne, shi ya sa suke tururuwa bakin teku su shanya jiki. Mu namu a tsakiyar marka yake faɗowa: sama a rufe, gari ya yi shar, lungu ya cika da taɓo, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. A da, yaran ƙauye gona suke tafiya su taya maimai da huɗa, na birni kuma a tura su gidan kakanni da kawunnai su san danginsu. Yanzu an ƙirƙiro lesin hutu, a karɓi kuɗin iyaye a sake kulle yaro a ajin da ya fito jiya. Na san har ka biya wa naka, Goggo ce ta taka maka birki, ta ce sai an kawo su gidan kawunka sun ga tushensu. Da ka ji ba a mayar da kuɗin lesin, an ce kwana ka yi kana juyi.

Tsakanin Kano da Zariya kimanin kilomita 150 ne. Mai hankali in ya baro Na'ibawa da hantsi, ya wuce Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, a nan Zariya zai yi sallar azahar har ya ɗan kishingiɗa. Ku kun fito bayan asuba, ba ku iso ba sai da aka kira la'asar. Matarmu ce ta tona maka asiri. A Kura ka tsaya taya shinkafar da ba saya za ka yi ba, a gaba ka tsaya jin farashin masara, a gaba kuma ka tsaya gardama da mai gasasshiyar masara a kan canji, yara na kuka a mota, ita tana ta ba mutane haƙuri.

Da aka buɗe bayan mota yaran gida suka yi caa, suna murnar tsaraba. Gurasa ce leda guda a sama. A ƙarƙashinta kuwa dilar atamfa da shadda da mayafai. Washegari zauren Baba, inda ake karatun Ishmawi da Risala bayan asuba, ya zama reshen Kwari. Matan unguwa suka shigo yi wa baƙi sannu da zuwa, suka fita da bashi. Kowacce ka ce mata ai ke 'yar gida ce, ɗauki kawai, sai ka zaro ɗan littafi daga aljihu ka rubuta sunanta da na mijinta. Baba ya dube ka ta saman tabarau, ya girgiza kai, ya ce jinin uba ya rinjayi na uwa. Tun daga ranar muka san mun yi baƙon ƙadangaren bakin tulu: a kore ka a ɓata wa Goggo, a bar ka ka sayar da gidan.

Sai maganar fate. Shekara da shekaru kuna yi mana gori, wai Zage-zagi maciya fate, wai abincin marasa haƙori. Ranar da aka wuni ana yayyafi, sanyi ya shiga jikin kowa, Inna ta ɗora tukunya: tsakin masara, rama da yakuwa da aka tsinko a bayan gida, gauta, albasa mai lawashi, dakakkiyar gyaɗa, aka sauke aka yaryaɗa man shanu. Ka ce a zuba maka kaɗan don kada Inna ta ji babu daɗi. Kaɗan ɗin nan ya zama ƙari, ƙari ya zama a kankaro ƙasan tukunya. Ina kallonka ka cire hula ka ajiye a gefe, gumi na bin ƙeyarka, ka lashe cokali ciki da baya. Da daddare kuma na ji ka a tsakar gida kana raɗa wa matarmu ta tsaya kusa da Inna gobe ta ga yadda ake yi. In ta dafa muku a Kano, ku rufe ƙofa, kada maƙwabta su ji ƙamshi su san ka tuba.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ka yi wa rufin ɗakin Inna. Wuri ɗaya ne yake ɗiga, a kusurwar gabas, kuma ta san shi, ta ajiye masa baho. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An riga an yi magana da kafinta, ya ce a bari ruwa ya ɗan tsagaita. Kai kuwa da ka ji abin da ya nema, sai ka dafe ƙirji, ka ce ana cutar mu, a Ƙofar Ruwa rabin haka za ka haɗa kwano da ƙusa da kwalta, aikin kuma kai za ka yi da hannunka. Ka buga waya, aka ba direba saƙo, muka je tasha muka ɗauko. Kwanon da ya zo, in ka ɗaga shi sama kana iya hango rana. Araha dai ba ta ado.

Ka hau tsani da jallabiya da silifa. Duk wanda ya taɓa hawa rufin kwano ya san layin ƙusa ake bi, domin a nan katako yake a ƙarƙashi. Kai tsakiya ka bi, kana taku da ƙarfi irin na mai gida. Kowane taku sai mu ji ƙwaram, kwano ya lotsa, tsohuwar ƙusa ta yi tsalle. Ka ɓamɓare falle biyu, ka zauna a kan tsaiko kana amsa waya, wani yana tambayarka kuɗin yadi. Yara suna ta nuna maka gabas, inda hadari ya haɗo baƙi ƙirin, kana ɗaga musu hannu su yi shiru ciniki ya kusa faɗawa. Iska ta fara tasowa, ta ɗauki falle guda na sabon kwanon naka ta kai shi gidan maƙwabta. Saukowarka ba ta tsani ba ce duka, rabin ƙarshe a kan tulin yashi ka ƙarasa.

A daren nan babu baho ko bokiti ko tukunyar da ba ta yi aiki ba. Katifar Inna ta sha ruwa, kwallayenta na gado da ke jere a kan kabad kowacce ta cika, ita kuma ta koma ɗakin jikoki ta kwana tana salati. Da safe kafinta ya zo, ya hau, ya daɗe shiru, sannan ya leƙo ya tambaya ko wata saniya ce ta hau rufin nan. Muka ce a'a, baƙo ne daga Kano. Ya ce to shi ke nan, ya gane. Kuɗin aikinsa ya ninka. Kai kuma, ko kunya babu, ka kawo mini lissafin kwano da ƙusa har da kuɗin direba.

Ba ka daddara ba, ka koma kan soron Baba, ka ce a shafe shi da siminti a huta da yaɓe. A nan ne Baba ya zaunar da kai ya ba ka karatu kyauta. Siminti ba ya kama jikin ginin ƙasa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa jiƙa a ɓoye har ranar da zai zubo gaba ɗaya. Ginin ƙasa yaɓe yake so, kuma da rani ake yi, kafin ruwan fari, a gyara indararo, a share saman soro daga ciyawa. Magina na da suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, su rufe saman soro da laso, wanda ake haɗawa da katsi. Katsin nan kuwa daga marina yake fitowa, irin ta Ƙofar Mata da kuke kai baƙi kallo. Ka ga ashe akwai abu mai amfani da ke fitowa daga Kano, kai ne dai ba ka san shi ba.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. Garin nan shi ne garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau a shekarun 1830, ginin da masana gine-gine na duniya suke zuwa kallo. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Tun daga lokacin duk mai tsohon gini a cikin birni yake duba bangonsa da idon basira in damina ta kama. Shi ya sa Baba bai yi dariya ba da ka kawo shawarar siminti. Gyaran gida yana da lokacinsa, yana da masu shi.

Mu koma kan abin da ya fi daɗi, wato hawan Kufena. Yara ne suka matsa a kai su, kai kuma ka ce wane dutse ne za a nuna wa wanda ya tashi a gindin Dala. To Dala tudun marmara ne, an yi masa matakala ta siminti, tsohuwa ma in ta daure za ta hau. Kufena kuwa dutse ne na gaske, sulɓi, in ruwa ya sauka gansakuka ta bi jikinsa. Na ce ka sa takalmin roba, ka ce kai ba ɗan dako ba ne. Ka fito da shadda mai maiƙo da takalmi sau-ciki, har da turare. Muka wuce Wusasa, muka ajiye mota a gindin dutse, yara suka yi sama da gudu.

Ba mu kai rabi ba ka nemi wuri ka zauna, numfashi na fita da ƙyar, ka ɗaga waya sama wai sabis kake nema. Autarka ce ta dawo ta kama hannunka tana cewa Baba daure. Da muka kai ka sama da ja da turi, kowa ya yi shiru yana kallo: gonakin masara da dawa kore shar har iyakar gani, birni da Tudun Wada da Sabon Gari a shimfiɗe, ga ƙaramin jirgin makarantar koyon tuƙin jiragen sama, wadda aka kafa tun 1964, yana shawagi. Na nuna wa yara burbushin tsohuwar ganuwa a gindin dutsen, na ba su labarin yadda sarautar Zazzau ta taso daga Turunku ta dawo nan, da labarin Sarauniya Amina. Na gaya musu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo zancenta a Infaƙul Maisuri, inda ya nuna har Kano da Katsina sun kai mata haraji. Babbar 'yarka ta juyo ta ce, Baba da gaske ne? Ka ce mata dogon labari ne, ta sha ruwa. Na ƙara musu da rabon da aka yi a labarin Bayajida: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau kuwa sarkin bayi. Don haka in na kira ka bawana, ba ni na fara ba, gado na tarar.

Abin da ya fito daga bakinka a saman dutsen nan, bayan duk wannan tarihi, shi ne: da za a kewaye wurin a sa ƙofa a riƙa yankar tikiti, a kafa rumfar lemo da ruwan leda, da an ci riba. Saukowa kuwa da mazaunai ka yi ta, taku ɗaya ja ɗaya. Shaddar nan dai ta riga mu gidan gaskiya, sai da matarmu ta ba ka mayafinta ka ɗaura kafin ka shiga mota.

Yaranka kuwa, ban da abin da suka gada, 'ya'yan albarka ne. Sun zo ba su san gyaɗa a ƙasa take 'ya'ya ba, ɗayansu yana neman bishiyarta. Kafin su tafi sun iya tsinkar kuɓewa da sassafe, sun san ƙaiƙayinta, sun san bambancin rama da yakuwa, sun iya cire ciyawa ba tare da tuge shuka ba. Na gaya musu irin masarar da ke bayan gidan daga Samaru ya fito, inda ake binciken aikin gona tun 1922, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masara da wake da gyaɗa da dawa da ake ingantawa a can shi manoma ke shukawa, ya zo ya cika muku Dawanau, ku ɗora riba ku ce Kano ko da me ka zo an fi ka. Haka kuke yi da Hausa ma. Kuna yi mana dariya wai ba mu bambanta mace da namiji a magana, alhali jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya aka fara buga ta a 1939, kakanninku suna jira a kawo musu su karanta.

Babban ɗanka ne dai ya nuna barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi da nawa suka haɗa akurkin kaji da ragowar katako da waya, kuma har yau ko ɗigo ba ya yi, ka je ka koyi aiki a wurinsa. Sai dai an wayi gari ya kafa murhu a ƙofar gida, yana karyo masarar Baba yana gasawa, yana sayar wa ɗaliban Baba. Da aka kama shi ya ce ai zai ba Kaka kasonsa. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya karɓi kason. Ranar da ma'aikatan lafiya suka zo gida-gida da maganin rigakafin zazzabin cizon sauro, wanda ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a damina, aka ba autarka, kai da ka ji kyauta ne sai ka matso kana tambaya ko akwai na manya.

Hutun gaske sau ɗaya na ga ka yi, shi ma ba da son ranka ba. Ruwa ya kwana ya wuni, masu wuta suka ɗauke, wayarka ta mutu, babu inda za ka yi caji. Yara suka taru a ɗakin Inna tana yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kai kuma ka rasa abin yi ka zauna wurin Baba a zaure. Ya ɗauko maka zancen dangi tun daga kakansu shi da Goggo: wa ya haifi wa, wa ya tafi aikin hajji a ƙasa bai dawo ba, yadda aka kai Goggo Kano a bayan babbar mota tana kuka, shi yana riƙe da akwatinta. Ka yi tambaya, ka sake tambaya, ba ka ambaci kuɗi ko sau ɗaya ba. Da safe yaranka suka durƙusa har ƙasa suka gaida Baba ba tare da an ce su yi ba, kowanne ya san wa zai kira Kawu, wa zai kira Goggo. Wannan babu makarantar lesin da ke koyar da shi, ko nawa ka biya. Zumunci a ƙafa yake, ba a tura shi ta banki.

Yanzu ga lissafi, tunda shi ne yaren da kake ji. Akwai kuɗin kafinta, akwai katifar Inna, akwai masarar Baba, akwai fate. In an cire gurasa leda guda, kai ake bi. Na yafe maka, da sharaɗin hutun Disamba mu ma muna tafe, ni da iyali gaba ɗaya. Za ka kai yara gidan zu na Audu Bako da Gidan Makama, ka kai su madatsar ruwa ta Tiga su ga inda ruwan shinkafar Kura yake fitowa, kuma kai za ka biya kuɗin shiga. Kada ka ce ka yi tafiya, Goggo za ta gaya mini gaskiya.

Saura maganar littafinka na bashi. Na ji kana ta aiko wa matan unguwa lambar asusu. Kada ka wahalar da kanka. Inna ta tara su ta yi musu magana, sun kuma amince baki ɗaya: babu wadda za ta tura ko sisi ta waya. Kuɗinka yana nan a ƙulle a bakin zane, amma hannu da hannu za a ba ka, a zauren Baba, a dogon hutun baɗi, kuma sai an ga yara sun fito daga mota tukuna. Inna ta ce ta daɗe tana neman igiyar da za ta riƙa jawo ka gida, sai ga shi ka kawo da kanka. Bakano yana iya manta hanyar gidan kawunsa, amma ba ya manta inda yake bin bashi.

Ka zo da takalmin roba. Tsani kuwa mun ba maƙwabta ajiya.

Naka, ubangidanka na Zazzau.